Wai yaya 'yan Masuniyya da ire-irensu ke tantance sabon shiga?

Ɗan_Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada wanda ya yi mini wata fassara. Ƙanena da ke sayar da kayan waya aka turo wa saƙo ta Facebook, wai daga ƙungiyar asirin nan ta Firimeson, wato Masuniyya, an zaɓe shi, ya tura hoto da kuɗin fom, cikin kwana uku zai ga mota da daloli. Na hana shi, amma na lura har yanzu yana leƙa saƙon. Abin da nake son sani: su na ainihin haka suke ɗaukar mutum? Wa ke kai ka wurinsu, me suke bincika a kanka, in sun karɓe ka kuma me ake yi maka? Ba shiga zan yi ba. Hujja nake nema wadda zan rufe wa yaron nan baki da ita.

Kabu_Kabu_Arkilla:
'Yan damfara na, ɗan uwa. Ni ma sun turo man irin wanga saƙo. Nic ce su ɗebe kuɗɗin fom cikin dalolin su aiko man da canji. Har yau shiru kaka ji.

Ummu_Hanan:
A'uzu billahi. Ni ko sunan ba na son ji. Ka kai shi wurin malam a yi masa nasiha, ka kuma goge saƙon da hannunka.

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amsar tambayarka ita ce ma hanya mafi sauƙi ta gane ɗan damfara. Na yi aikin gwamnati a Legas shekarun baya, muna ofis ɗaya da wani dattijo ɗan Masuniyya wanda bai taɓa ɓoyewa ba. Abin da zan faɗa daga bakinsa na fara ji, daga baya na gan shi a rubuce cikin littafin dokokinsu, wanda bugawa suke yi kowa ya karanta.

A al'adarsu kai ke nema, ba su ke bin ka ba. Har a wurin rantsarwa sai an tambaye ka ko da ra'ayin kanka ka zo, ba wanda ya matsa maka, kuma ba kwaɗayin abin duniya ya kawo ka ba. To ka ga wanda ya buɗe baki da alkawarin mota ya riga ya tona kansa. Sannan ba ka shiga sai mutum biyu daga cikin 'yan reshen sun tsaya maka, ɗaya ya gabatar da sunanka, ɗaya ya mara masa baya, su sa hannu cewa sun san ka, da tun yaushe suka san ka. Daga nan kwamitin manyan reshen ya kira ka a zauna. Za su tambaye ka ko ka yarda akwai Mahalicci, mece ce sana'arka, ko kotu ta taɓa kama ka da laifi, ko matarka ta san da maganar, da ko aljihunka zai ɗauki kuɗin shekara ba tare da ka tauye iyali ba. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Kai ke biyan su: kuɗin shiga, kuɗin shekara, kuɗin abincin taro, ga gudummawar taimako. Ba a raba wa kowa ko kwabo.

In kwamiti ya gamsu, sai a rubuta sunanka da sana'arka da inda kake zaune a takardar kiran taro da ake aika wa kowane ɗan reshe, don wanda ya san wani abu a kanka ya sami lokacin magana. Sai ranar ƙuri'a. Abin yakan ci watanni.

Ɗan_Mabera:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙuri'a kuma? Ɗaga hannu ake yi?

Ɗalibar_Tarihi:
A'a Yaya, a ɓoye ake yin ta. Akwati ne mai rufi da 'yan ƙwallaye ƙanana, farare da baƙaƙe. Kowa ya zura hannu ya saki wadda yake so ba tare da an gani ba. Fara na'am, baƙa a'a. A dokar babbar hedikwatarsu ta Ingila, baƙa uku sun kayar da mutum, amma an yarda reshe ya rage zuwa biyu ko ɗaya a dokarsa ta gida. A yawancin jihohin Amurka ɗaya tak ta isa. Kuma ba a yarda ka faɗi abin da ka jefa ba, ba a yarda ka tambayi wani nasa ba. Su Amurkawa sukan naɗa mutum uku su je har gida su zauna da mai nema da iyalinsa kafin su kai rahoto. A Faransa kuwa akwai ɓangaren da ake rufe wa mai nema ido a zaunar da shi gaban 'yan reshe su yi ta jefa masa tambayoyi, bai san wa ke magana ba.

Ƙari kaɗan a kan maganar Baba: sharaɗin yarda da Mahalicci ba duka ke da shi ba. Babbar ƙungiyarsu ta Faransa ta cire shi tun 1877, shi ya sa ta Ingila ta yanke hulɗa da ita. Sannan masu turo saƙon nan sukan haɗa su da Iluminati. Waccan daban ce, wani malamin jami'a mai suna Adam Weishaupt ya kafa ta a Baberiya ta Jamus a 1776, kafin ta cika shekara goma hukuma ta rushe ta. Masuniyya kuwa tsarinta na yanzu daga Landan ya faro a 1717.

Jikan_Mahauta:
To wanga ai zalunci na ƙarara. Mutum guda da ad da ƙullinka ga zuciya shi zura hannu shi kashe ma magana, ba ka san ko wane ne ba, ba a hwaɗa ma dalili ba. Mu ga sana'armu in baƙo yaz zo shina biɗar wurin zama, wani zai kai shi gaban Sarkin Fawa, a tambayi garinsu da wanda yak koya mai wuƙa. In wani na da magana bisa kainai, gaban kowa zai hwaɗe ta, shi kau shi kare kainai. Kuma wanda yak kawo shi shi ka ɗaukar nauyi in ya ci kuɗɗin dabba ya gudu. Wagga ita a gaskiya, ba akwati ba.

Uwar_Adashi_Minannata:
Malam Jikan_Mahauta, ku maza kuna da bakin faɗa a fili, shi ya sa. Ka taɓa ganin mace ta miƙe gaban matan unguwa ta ce ɗiyar ƙanwar mijinta ba ta biyan bashi? Zumunci ya ɓaci ke nan har jikoki. Ni in aka kawo mini sabuwa, ba na cewa komai a ranar. Sai in bar maganar ta kwana biyu. Wadda ke da abin faɗa bayan isha'i take biyo ni gida, ta shigo kamar ta zo aron rariya, ta faɗi ta tafi. Ni kuma ban taɓa cewa wance ta ce ba. Sai in ce wa mai nema hannu ya cika, sai wani zagaye. Da a fili nake tambaya, da kowa "ai mutuniyar kirki ce" zai ce, mu wayi gari ta kwashe ta daina zubi.

Kuma ko na karɓe ta, sabuwa ba ta ɗaukar kwasar farko. Can ƙarshe nake sa ta, sai na ga zubinta zagaye guda.

Jikan_Mahauta:
Hajiya, ke kin san wadda taz zo miki, kin san ko kishi na ko gaskiya. Akwati bai san komi ba.

Ɗalibar_Tarihi:
Wannan kam ya faɗi abin dubawa. Akwatin nan an yi ɓarna da shi. A Amurka an daɗe rassan fararen fata ba sa karɓar baƙi, har baƙaƙen suka tafi da nasu tsarin daban, wanda ya samo asali daga wani baƙar fata mai suna Prince Hall, da ya sami takardar izini daga Ingila a 1784. In ƙwallo ɗaya ta isa, ai mai wariya ɗaya ya isa ya tsare ƙofa shekara da shekaru.

Almajirin_Hubbare:
Bismillah. Gardamar Hajiya da Jikan_Mahauta malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware ta a babin shaida. Alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai an yi masa tazkiyya, kuma iri biyu ce: ta fili, inda adilai biyu za su zo su ce wane adali ne abin yarda, da ta sirri, inda alƙali zai sa amintaccensa ya bincika a unguwa da kasuwa. Ka ga an haɗa duka biyun. Sannan ga i'izari, a ba wanda aka yi shaida a kansa dama ya kawo suka in yana da ita. An kuma ruwaito cewa wani ya yabi wani gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya yi tafiya da shi, ko sun yi mu'amalar kuɗi. Da ya ce a'a, sai ya ce masa ba ka san shi ba.

Amma kada kyawun tsari ya ɗauke mana hankali daga hukunci. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta zauna a 1978 ta fitar da fatawa cewa shiga Masuniyya bai halatta ga Musulmi ba. Ba mu kaɗai ba, Cocin Katolika ta hana mabiyanta tun 1738, ta kuma sake jaddadawa a 1983. Babbar matsalar ita ce rantsuwa a kan abin da ba a nuna maka ba tukuna.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan ita ce maganar da ya kamata a fara da ita.

Ɗan_Mabera:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin na yarda da shi, shi ma yaron ya san shi. Matsalar ita ce gani yake kuɗi ne ya hana kansa saboda tsoron Allah, to ran da talauci ya matsa fa? Gara ya san babu kuɗin ma tun asali.

Basakkwace_a_Ingila:
Bari in ƙara abin da ido ya gani. Hedikwatarsu a Landan tana kan titin Great Queen, katafaren gini ne, akwai gidan tarihi a ciki da kowa ke shiga kallo. Kuma gyara kaɗan ga Baba Tsohon_Akawu: yanzu a nan wanda bai san kowa ba zai iya cike fom a shafinsu na intanet, su haɗa shi da reshen da ke kusa. Amma ba su suka biyo shi ba, kuma ba a nan take ake karɓa ba. Za su yi ta gayyatarsa shan shayi da cin abinci har a sami biyun da za su yarda su sa masa hannu. Sun kuma sauko da shekarun shiga zuwa 18, da 21 ne.

Maganar tarba da Ɗan_Mabera ya tambaya ba wanda ya taɓa ta. An rubuta ta a littattafai tun ƙarni na 18, abin da suke ɗauka sirri yanzu shi ne gaisuwar hannu da kalmomin gane juna kawai. Ranar shiga ana raba mutum da kuɗi da duk wani ƙarfe da ke jikinsa, a rufe masa ido, a naɗe masa ƙafar wando ɗaya, a sa masa igiya a wuya, a shigo da shi ta ƙofar da wani ke gadi da takobi. A zagaya da shi, ya yi rantsuwa a kan littafin addininsa, sannan a buɗe masa ido a ɗaura masa farin ƙyalle na fatar ɗan rago a ƙugu. A da cikin rantsuwar akwai ambaton yanke maƙogwaro ga wanda ya tona asiri, a Ingila sun cire shi daga rantsuwar a 1986. Bayan an tashi sai walima, a zaunar da sabon shiga kusa da shugaba, a yi masa jawabin maraba, shi ma ya miƙe ya ce wani abu. Akan haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa koya masa. Wannan mataki na farko ke nan cikin uku. A zauren taro kuma an hana maganar addini da siyasa.

Wani abokin aikina Bature yana ciki. Ƙorafinsa kullum haddar da ake ba shi da tsadar abincin dare.

Kabu_Kabu_Arkilla:
Igiya ga wuya? Ni da ko hular kwano ba ni son sawa.

Mai_Shagon_Littattafai:
Ni fa da nake karantawa, sai na ga tsarin ya yi kama da karɓar ɗariƙa. Kai za ka je wurin muƙaddami da ƙafarka, ya karanta maka sharuɗɗa, lazimi safe da yamma, wazifa, zikirin Juma'a, ka ce ka ɗauka, sannan ya yi maka izini.

Almajirin_Hubbare:
Haba Malam, wannan kwatanci bai yi ba ko kaɗan. Sharuɗɗan ɗariƙa kafin ka karɓa ake karanta maka su, wuridin a rubuce yake, wazifa a masallaci ake yin ta ƙofa a buɗe, mai wucewa yana ji. Ba mai jefa maka ƙuri'a, ba mai tambayar nauyin aljihunka. A garin Shehu muke, wanda shi kansa Baƙadire ne, a riƙa auna magana.

Mai_Shagon_Littattafai:
Zuwa da ƙafa da ɗaukar alkawari kawai nake nufi, Malam, ba aƙida ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a bar maganar ɗariƙa a nan. Ba ita aka tambaya ba, kuma mun san inda take kai mu.

Lauya_Runjin_Sambo:
Ta fuskar doka, ga abin da ya kamata masu sha'awar siyasa da aikin gwamnati su sani. Sashe na 38(4) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce 'yancin addini da tunani bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. Sashe na 137 da na 182 sun hana ɗan ƙungiyar asiri takarar shugaban ƙasa da gwamna, haka ma majalisu. Tun 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta hana ma'aikatan gwamnati shiga irinsu. Sashe na 318 ya fayyace abin da ake nufi, kuma jigonsa shi ne amfani da alamomi da rantsuwar sirri don fifita 'yan ƙungiya ba tare da duba cancanta ko adalci ba, ko ɓoye sunayen mambobi da ayyuka. Su 'yan Masuniyya da 'yan Ogboni ta zamani ta ƙasar Yarbawa, wadda wani limamin Anglika T.A.J. Ogunbiyi ya kafa a Legas a 1914, cewa suke yi wannan bayani bai hau kansu ba, don suna da ofis da adireshi. Ni dai in mai neman shawara ya zo mini yana da burin takara, cewa zan yi ya yi nisa, don abokin hamayya ba zai tsaya jiran wannan bambanci ba.

Tsohon_Kofa:
Ni abin da na fi tsoro ba waɗannan dattawa masu akwati ba ne. Na yi bautar ƙasa a kudu, na ga yadda ƙungiyoyin asiri na makarantu ke kama yara. Su ba ka nema, su ke zaɓen ka. A saya maka abinci, a kare maka faɗa, a gayyace ka biki a bayan gari, ka je ka tarar daji ne da duka da rantsuwa, kuma ba fita. Wai asalinsu daga wata ƙungiya ce da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba da niyyar ta'asa ba, daga baya ɓaraka ta yi ta haifar da wasu. Iyayen da ke tura yara karatu nesa, wannan ce ya kamata ku ja musu kunne a kai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ummu_Hanan:
To su Rotary, ƙungiyar nan mai ayyukan taimakon jama'a fa? An ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Nas_Gawon_Nama:
Yaya Ummu_Hanan, ni na yi aikin rigakafin shan inna, da kuɗinsu da mutanensu aka yi wannan yaƙin tun 1985 har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Reshensu na farko a ƙasar nan ma a Kano aka buɗe shi a 1961. Su gayyata suke yi, ɗan ƙungiya ya kawo ka taro a matsayin baƙo, shugabanni su duba, a sanar da sunanka ko akwai mai suka, sai a maƙala maka baji gaban jama'a. Ba rufe ido, ba rantsuwar sirri, a otal suke taro.

Almajirin_Hubbare:
Aikin alherin ban musa ba, Malama. Amma amana ce in faɗa: fatawar 1978 ɗin ta ambaci Rotary da takwararta Lions da sunansu.

Nas_Gawon_Nama:
Na ji Malam. Ni abin da na gani na faɗa, kuma na san Musulmi masu sallah da ke ciki.

Ɗan_Mabera:
Mu dawo kan akwatin nan don Allah. Wanda aka jefa wa baƙa, shi ke nan har abada? Su biyun da suka kawo shi fa?

Tsohon_Akawu:
Yakan iya sake nema bayan wani lokaci da dokar wurin ta yanka. Amma kunyar ba a kansa kaɗai take ba, ta fi sauka a kan wanda ya gabatar da shi, don an nuna ke nan bai san mutane ba, ko kuma an ƙi shi ne ta bayan fage. Dattijon nan ya ce mini akwai rassan da baƙar ƙwallo ɗaya ta raba kansu shekaru, kowa na zargin kowa. Shi ya sa a aikace ba a cika bari a kai ga haka ba. Wanda ke da suka yakan sami shugaban reshe a keɓe tun kafin ranar, a kira mai gabatarwa a ce ya janye sunan cikin mutunci. In ka ga an kai ga jefa baƙa, to an kasa sasantawa ne tun a waje.

Uwar_Adashi_Minannata:
Ka ji ko Malam Jikan_Mahauta? Su ma bayan isha'in suke zuwa.

Jikan_Mahauta:
Na jiya Hajiya, amma ban gamsu ba. Ko janyewa anka yi, shi mai biɗar har yanzu bai san abin da anka ce bisa kainai ba, ƙila ma ƙarya ta. Malam ya ce ko gaban alƙali akwai i'izari. Lauya, in ƙungiyar 'yan kasuwa irin tamu mai rajista ta ƙi mutum ba ta hwaɗi dalili ba, shina iya kai ta ƙara?